Ibrahim Narambaɗa Na Tubali, Ɗan Kokawar Da Ya Zama Makaɗin Sarki

Duk yaron da ya tashi a gabashin ƙasar Sakkwato, daga Gatawa zuwa Sabon Birni, daga Isa zuwa Shinkafi, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Narambaɗa ba. Ko dai ya ji ta a rediyon kakansa, ko a rumfar mai shayi, ko cikin motar kasuwa. Mutumin nan ya rasu fiye da shekara 60 da suka wuce, amma har yanzu idan aka sa waƙarsa sai ka ga dattawa sun yi tsit suna gyaɗa kai, wani ma yana bin ta a hankali.

Muna da dalilin kawo tarihinsa a mujallarmu ta bana. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe sukan fita da tambaya ɗaya a zuciya, wato wane aiki za su kama. Mu kuwa iyaye da malamai kusan amsa ɗaya muke da ita: likita, lauya, injiniya, ko dai wani aikin ofis mai albashi. Yaron da aka ga ya cika son kiɗa ko zane ko wasa, sai a ce ya shagala, ba zai yi abin kirki ba. To, ga wani mutum na wannan ƙasa tamu wanda a filin wasa ya tsinci sana'arsa, ya kuma riƙe ta da gaske har ta kai yau manyan malaman jami'a suna zama su yi nazarinta.

Bari mu fara da ƙasar da ta haife shi. Kufan Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir, yana nan cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. A 1808 ne mayaƙan jihadi suka ci birnin, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa suka watse, daga baya wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma ƙarƙashin Ɗan Halima suka dawo suka kafa Sabon Birni. Isa ta zama mazaunin wani gidan sarauta daga zuriyar masu jihadi, shi ma mai riƙe da ita Sarkin Gobir ake ce masa. Shi ya sa idan aka ambaci Sarkin Gobir a wannan yanki sai an ƙara da cewa na ina. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, su da Faransawa suka ja iyaka, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa wancan gefe, Isa da Sabon Birni suka zauna wannan gefe. Amma iyakar ba ta hana auratayya da cin kasuwa ba, ba ta kuma hana 'yan kokawa da makaɗa ƙetarawa ba.

A ƙauyen Tubali na ƙasar Isa aka haifi Ibrahim, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Masu tarihinsa sun nuna cewa mahaifinsa, wanda ake kira Maidangwale, shahararren ɗan kokawa ne, asalinsa kuma daga wajen Filinge ta ƙasar Nijar ta yau. Mahaifiyarsa 'yar Badarawa ce, ta fito daga gidan makaɗa, ita ma tana waƙa. Ibrahim ya yi karatun allo kamar sauran yaran garinsu, ya kuma yi noma, domin a wancan zamani ba wanda ke tashi a ƙauye bai san hauya ba.

Sunan da duniya ta san shi da shi ma daga wasa ya samo asali. Yana da wata karya da yake ji da ita, wadda ya sa wa suna Rambaɗa. Mutane suka riƙa danganta shi da ita, suna ce masa na Rambaɗa, har sunan ya bi shi. Wani da ya girma ya sami ɗaukaka da ya yi ƙoƙarin yar da irin wannan suna. Shi bai yar ba, da shi ya shiga fadar sarki.

Sana'ar da ya fara suna da ita ita ce ta ubansa. Ɗalibanmu na yau da suka fi sanin ƙwallon ƙafa ya kamata su san matsayin kokawa a ƙasar Gobir. Idan kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure damma, ciki ya cika, sai samarin gari su fita dandali. Wani lokaci gari guda ne zai tashi ya tafi wani gari, da makaɗansa da 'yan matansa. A yi da'ira, makaɗa su ɗauki taken kowane ɗan kokawa, shi kuma ya fito da guraye da layu a damtse, ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari, ya faɗi waɗanda ya kayar da garuruwan da ya shiga ya fita lafiya. Daga nan sai a kama. Wanda bayansa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kayar da shi ke nan, sai ihu da guɗa. Ba albashi a ciki. Abin da ake nema shi ne suna da farin jini, da daɗin da mutum ke ji idan ya gwada ƙarfinsa da dabararsa a gaban jama'a. Har yanzu maƙwabtanmu na Nijar ba su saki wannan wasa ba, tun 1975 suke yin gasar ƙasa baki ɗaya, wanda ya yi nasara a ba shi takobi.

A wannan fili Ibrahim ya yi ƙuruciyarsa, ya kuma yi suna. Mu a ganinmu nan ne makarantarsa ta farko ta waƙa, ko da yake shi kansa a lokacin bai ɗauke ta haka ba. Ɗan kokawa yana koyon tsayawa gaban taro ba tare da kunya ba. Yana koyon jin ganga, ya san lokacin da za a taka da lokacin da za a tsaya. Yana koyon yadda magana ɗaya mai kaifi ke sa jinin mutum ya tashi, ko ta kashe wa abokin karawa gwiwa tun ba a kama ba. Yana kuma koyon karanta mutum, ya gane inda ƙarfinsa yake da inda rauninsa yake. Wanda ya saurari waƙoƙin Narambaɗa na fada da kunnen basira zai ji ɗan kokawa a cikinsu. Yadda yake zuga ubangidansa, da yadda yake tunkarar abokan hamayya, da yadda yake bugun ƙirji da gwanintarsa, duk halin dandali ne.

Amma ƙarfi ba ya daɗewa. Ɗan kokawa yana da 'yan shekarunsa, daga nan sai wani yaro ya taso ya kayar da shi. Da yawa daga cikinsu sukan koma gona su ƙare rayuwa suna ba da labarin jiya. Ibrahim ya sami wata ƙofa. A ɗakin mahaifiyarsa akwai kotson kakansa na wajen uwa, ajiye ba mai kaɗawa. Shi ya ɗauka ya fara gwadawa.

A nan akwai abin lura. A al'adar Hausa sana'a ta wajen uba ake gado. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan mahauci mahauci ne, ɗan makaɗi makaɗi ne. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidan ubansa ba, ɗan haye ake ce masa, 'yan gado kuma ba su cika ganinsa da gashi ba. Ibrahim bai tashi yana bin uba yawon kiɗa ba, ba a ɗora masa ganga tun yana yaro ba. Jinin kiɗa yana jikinsa ta wajen uwa, amma ba wanda ya tilasta masa. Shi ya ga abin ya ba shi sha'awa, ya zaɓa.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin kotso ba, ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya kawai ake rufewa da fata, ɗayan a buɗe yake. Akan liƙa wani abu mai danƙo a tsakiyar fatar don muryar ta yi zurfi. Ana rataya shi a kafaɗa, a matse tsirkiyoyinsa domin a ɗaga murya ko a sauke ta, da hannu kuma ake buga shi, ba da makaɗi ba. Kayan kiɗan sarauta ne, kamar taushi da jauje. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru su ma da kotso suka yi suna, Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi da taushi, Mamman Shata kuwa da kalangu.

Bai faɗa fada kai tsaye ba. Da waƙar noma ya fara. A lokacin idan aikin gona ya yi wa mutum yawa sai ya kira gayya, samari su taru su jeru, kowa da kuyyarsa, makaɗi yana biye da su yana kiran sunan kowa, yana zuga mai himma, yana yi wa rago ba'a. Aikin da zai ci kwana da kwanaki sai a gama shi kafin la'asar, ana dariya ana tsere. Ladan makaɗi kuwa sai da kaka, a ba shi dami. Wanda ya taɓa yin noma a ranar damina ya san bambancin yinsa shiru da yinsa da ganga a baya. Kakanninmu ba su raba aiki da wasa yadda muka raba su yau ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya rubuta littafi a 1938 yana nuna cewa yawancin abin da muke kira al'ada, har da waƙa da shari'a da gasa, daga wasa suka tsiro. Manomin Gobir bai karanta littafin ba, amma ya daɗe yana aiki da abin da ke ciki.

Daga gona sunan Ibrahim ya kai kunnen masu sarauta. Ya fara yi wa masu riƙe da ƙananan sarautu waƙa, har ya kai ga Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda ya zama ubangidansa. A nan ya zauna, a nan kuma ya yi manyan waƙoƙin da aka san shi da su.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa makaɗin fada zaman hutu yake yi. Aiki ne mai ƙa'ida. Akwai kiɗan daren Juma'a a ƙofar fada, akwai hawan salla, akwai naɗin sarauta, akwai rakiya idan sarki zai fita rangadi ko zai tafi Sakkwato gaisuwa, akwai tarbar manyan baƙi. Kowane da irin waƙar da ta dace da shi. Makaɗin kuma ba shi kaɗai yake ba. Shi ne jagora, yana da 'yan amshi waɗanda su ne kuma ke kaɗa kotsanni, akwai sanƙira mai tsinka kirari yana ƙara bayyana wa jama'a abin da aka faɗa. Sai an fara samun gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa gare shi, sa'an nan a ɗora mata ɗiya. Jagora ya ɗauko magana, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sa'an nan a koma gindi. Idan ɗaya ya yi latti ko ya riga, waƙa ta ɓaci a gaban sarki. Saboda haka sai an zauna an yi ta maimaitawa a gida, kafin a fito da ita.

Duk wannan kuwa ba takarda ba alƙalami. A ka ake tsara waƙar, a ka ake ajiye ta. Ban da haka dole makaɗi ya san asalin gidan sarauta, wa ya haifi wa, wane kaka ya yi wane yaƙi, wane ɗan sarki ke neman gadon, wane bafade ke da fada yau, wane ne aka juya wa baya. Kuskure ɗaya a nan yana iya jawo masa fushin da zai daɗe bai huce ba. Mu da muke kukan haddace 'yan shafuka kafin jarrabawa, sai mu tsaya mu yi tunanin mutumin da ke ɗauke da waƙoƙi masu yawa a ƙwaƙwalwa, kowace da ɗiyanta, yana kuma iya ƙara sabon ɗa nan take idan wani baƙo ya shigo fada. A shekarun 1930 wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Milman Parry, da ɗalibinsa Albert Lord sun tafi ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci suka ɗauki muryoyin mawaƙan ƙauye waɗanda ba su iya rubutu ba. Binciken nasu ya sa masana suka yarda cewa tsara waƙa da baki ilimi ne mai dokokinsa. A daidai waɗannan shekaru Narambaɗa yana Isa yana yin irin wannan aiki.

Sai dai duk wahalar sana'ar, jama'a ba su ɗauke ta da daraja ba. A tsarin zaman Hausawa na da, makaɗi maroƙi ne, yana can ƙasa a jerin masu sana'a. Ana son waƙarsa, ana yi masa kyautar riga da rawani da doki da damman hatsi, amma da zai nemi auren 'yar wani gida sai a fara duban juna. Wasu malamai ma suna ganin sana'ar ba ta dace da mutumin kirki ba. Wannan raini bai ƙare ba har yau, kowa ya san yadda fuskar uba kan canza idan ɗansa ya ce shi mawaƙi zai zama.

Abin da ya fi burge mu game da Narambaɗa shi ne bai yarda da wannan raini ba. Bai ɗauki kansa almajirin da ke miƙa hannu ba. Ya ɗauki kansa gwani mai ilimin da ba kowa ke da shi ba, wanda sarki ke bukata kamar yadda yake bukatar alƙali da magatakarda. A cikin waƙoƙinsa yakan tsaya da yabon sarki ya juya kan kansa, ya yabi iyawarsa, ya ƙalubalanci sauran makaɗa. Wani zai ce wannan girman kai ne. Mu muna ganin kirarin ɗan kokawa ne ya biyo shi, muna kuma ganin alama ce ta mutumin da ke jin daɗin abin da yake yi. Wanda ke aiki don dole ba ya magana a kan aikinsa haka.

Ya kuma sa tunani cikin yabo. Waƙar fada tana iya zama jerin kirari kawai, a ce sarki giwa ne, zaki ne, a karɓi kyauta a tafi. Shi kuwa yakan saƙa maganganu a kan haƙuri, da ƙaddara, da juyin zamani, da halin ɗan'adam, da yadda mulki ke zuwa ga wanda Allah ya ba. Yakan ɗauko misali daga gona, da gulbi, da dabbobin daji, da zaman kotu, da makarantar allo. Yana yabon sarki, amma a cikin yabon yana nuna masa irin sarkin da ya kamata ya zama. A fadar da ba kowa ke iya buɗe baki ya yi wa sarki gyara ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa maganganunsa da yawa suka fita daga waƙa suka shiga bakin mutane, ana faɗinsu kamar karin magana, wani ma bai san daga inda suka fito ba.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Makaɗin fada yana da makami, shi ne zambo da habaici, Narambaɗa kuwa gwani ne a nan. Kowane sarki yana da 'yan'uwan da suka nemi sarauta ba su samu ba, aikin makaɗi ne ya rage musu tsawo. Ba ya kama suna. Sai ya siffanta mutum da wata dabba, ko ya kwatanta tafiyarsa ko rowarsa ko gemunsa, duk wanda ke garin ya gane wanda ake nufi, a yi ta dariya. Ga mai sauraro a yau abin nishaɗi ne. Ga wanda aka yi wa, da 'ya'yansa da jikokinsa, tabo ne wanda ba ya gogewa, tun da waƙar ta fi su tsawon rai. Ba mu ga abin koyi a nan ba, ko da yake mun san haka sana'ar ta gada, kuma ba shi ya fara ba. Baiwar da ke faranta rai ita ce dai ke iya ƙona shi.

Haka kuma bai sami irin 'yancin da wasu mawaƙa suka samu ba. Shata ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, ya tafi inda ya ga dama. Makaɗin fada kuwa na ubangidansa ne. Idan zai je wata fada, da sanin ubangida zai tafi. Narambaɗa ya yi wa wasu masu sarauta da alƙalai na ƙasar Sakkwato da Zamfara waƙa, cikinsu har da Magajin Garin Shinkafi, amma Isa ce gida, Sarkin Gobir Ahmadu ne kuma gindin yawancin waƙoƙinsa. Wani zai ga wannan ƙunci ne. Amma zama wuri ɗaya ya sa ya san mutanensa ciki da waje, ya san tarihin kowane gida, waƙarsa ta yi zurfin da mai yawo bai cika samu ba. Riƙon amana ga wanda ya ɗauke shi tun bai zama kowa ba yana cikin abubuwan da ya ɗauka da muhimmanci.

Son wasa bai rabu da shi ba har ya tsufa. Shaida ita ce waƙar da ya yi wa wani dokin sukuwa, wadda aka sani da Dokin Iska Ɗanhilinge. A zamanin En'e sukuwa babban abu ce, sarakuna da hakimai suna kiwon dawaki na musamman, ana haɗuwa a manyan garuruwa a yi tsere. Narambaɗa ya ɗauki dabba ya yi mata irin yabon da ake yi wa jarumi, har mai sauraro ya ji kamar yana bakin fili yana ganin ƙura na tashi. Kiɗan kansa sauri yake kamar kofato. Ko yaron da bai gane rabin kalmomin ba yakan kasa zama shiru idan an sa ta. Mutumin da ya san zafin karawa a jikinsa ne kaɗai zai iya yin wannan waƙa. Sunan dokin kuma yana nuna Filinge, wato wajen da aka ce mahaifin mawaƙin ya fito, sai dai a bakin mutanenmu harafin f yakan koma h.

Wannan ya kawo mu ga harshensa. Narambaɗa bai canza bakinsa don ya yi daidai da na Kano ba. Da Hausar gidansu ya yi waƙa, irin wadda ake ji a kasuwar Shinkafi da ta Sabon Birni, inda ake cewa ya tahi maimakon ya tafi, ake cewa ɗiya a wurin 'ya'ya. Muna faɗin haka ne saboda mun san wasu ɗalibanmu idan suka je birni sukan ji kunyar karin harshensu, a yi musu dariya su yi shiru. A aji dole mu koyi daidaitacciyar Hausa, ita ce ta jarrabawa da littafi. Amma waƙar da masana da yawa ke sa wa a sahun gaba cikin waƙoƙin baka na Hausa, da bakin ƙasar nan aka yi ta. Bakano da Bazazzagi su ne ke zama su tambayi ma'anar kalmominta.

Waƙar da muke nufi ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Ahmadu. Ita ya ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, a cikinta ya zuba duk abin da ya iya: yabo, da zuga, da zambo, da hikima, da kirarin kansa. Ta yi tasiri har kalmar ta zama ma'auni. Yau idan aka ce wannan ita ce bakandamiyar wane, ko mawaƙi ne ko marubuci, ana nufin aikin da ya fi kowane a cikin ayyukansa. Muna shawartar malaman Hausa su sa wa ɗalibai ita a aji, su saurara sau biyu ko uku, sa'an nan su gwada rubuta abin da suka ji. Za su ga cewa rubuta ta kawai aiki ne, balle tsara ta.

Narambaɗa ya ga zamani iri iri. An haife shi ƙarƙashin daular Sakkwato, ya ga zuwan Turawa, ya ga zuwan jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929, ya ga mota da rediyo, ya kuma ga ranar 1 ga Oktoba 1960 da Nijeriya ta sami mulkin kai. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Sa'ar da muka yi ita ce na'urar ɗaukar magana ta riske shi da rai. Makaɗan da suka yi wa Bawa Jangwarzo da Yunfa kiɗa a Alƙalawa ba wanda ya san yadda muryarsu take. Tasa kuwa an ɗauka, gidajen rediyo suka yi ta sawa, daga baya ta shiga kaset, yanzu kuma tana cikin wayoyin hannu.

Masana ma ba su bar shi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya kawo tarihinsa cikin ayyukansa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009. A 2019 kuma aka yi taron ƙasa da ƙasa a Jami'ar Bayero ta Kano, malamai suka taru daga jami'o'i daban daban suna gabatar da takardu a kan waƙoƙin mutumin da bai taɓa zama a benci ba. Ɗalibai da dama sun sami digiri da nazarin abin da ya tsara a ka.

Ba za mu rufe ba tare da ambaton halin da ƙasarsa ta shiga ba. A 'yan shekarun nan idan aka ji sunan Isa da Sabon Birni a labarai, yawanci maganar 'yan bindiga ce, da satar mutane, da ƙauyukan da aka tasa, da gonakin da aka bari. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Inda tsoro ya shiga, dandali ne ke fara mutuwa. Ba a fita kokawa da dare, ba a kiran gayya a gona mai nisa, ganga sai ta koma rataye. Muna lissafin asarar rayuka da ta dukiya, haka ya kamata, amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi: yaran da suka tashi ba su sami filin da za su gwada kansu ba. A irin wannan fili ne ɗan Maidangwale ya fara jin ganga, kafin ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya sauko da kotson kakansa.